Ƙanzon Madafar Sarki

A zamanin da, an yi wani sarki da madafarsa ke ciyar da fada da duk baƙon da ya sauka garin. Mata arba'in ke tuƙa tuwo a cikinta, amma kafin damina ta fita sun koma uku. Da tuwo ya riƙa makara, Waziri Barau ya ce lalaci ne ya kama mata. Sarki ya hasala, ya yi doka: in azahar ɗin Juma'a ta yi baƙi ba su ci ba, a yanke hannun Tabawa, uwar madafa.

Kwana huɗu Tabawa tana juya maganar. Ta bi gida-gida tana roƙon matan su komo. A gidan Hajo, wadda ta fi kowa iya tuƙi, ta durƙusa har ƙasa.

Hajo ta ce, "Yaya, tashi. Kin san ƙanzon gindin tukunya shi muke kai wa yara, su jiƙa su sha. Tun da Waziri ya hana, me zan komo yi? Autana na binne ran Talata."

Tabawa ta tashi ta koma madafa.

Ran Juma'a ta tuƙa tukunya ɗaya tak, ta kankare ƙanzon, ta rufe a akushi, ta kai gaban Sarki. Hauni, mai zartar da hukuncin Sarki, na tsaye da wuƙarsa.

Sarki ya buɗe, ya ce, "Mene ne wannan?"

Ta ce, "Ranka ya daɗe, abin da ya riƙe mata arba'in a bakin wuta ke nan tun zamanin kakanka. Ga hannuna. Sai dai kafin a yanke, a leƙa garken Waziri a ga masu cinsa yanzu."

Waziri ya ce, "Allah ya ba ka nasara, ƙonannen tuwo ne fa."

Aka aika dogarai. Suka komo da raguna goma sha biyu, ko tafiya ba sa iyawa don ƙiba.

Sarki ya dubi ragunan, ya dubi ƙanzon. Sannan ya sa aka warware rawanin Barau, aka danƙa masa muciya, ya tuƙa tuwon baƙi shekara guda. Aka yanka ragunan aka raba wa matan, aka yi shela ƙanzo ya koma hannun masu shi.

Kafin wata Juma'ar, mata talatin da tara suna bakin murhu, Hajo ce kaɗai ba ta komo ba. Tabawa ta jingine muciyar Hajo a bango, ta hana kowa taɓawa.