Kokon Gwaggo Tabawa da Rijiyar Tudun Marke

Ku gyara zama, ku ajiye wayoyin nan. Wannan ba ta gizo ba ce, ta mutane ce, kuma ba mai tashi sai ya ba ni amsa.

A makarantar Tudun Marke akwai wani ɗaki can bayan ajujuwa, inda Malama Zulai take tara ɗalibai in an tashi. Su kwance tsohuwar rediyo, su yi awo, su yi zane, su haɗa wannan da wancan su ga abin da zai fito. Su suna kiran kansu ƙungiyar ƙere-ƙere, mutanen gari kuwa 'yan bola suke ce musu. Cikinsu akwai ƙawaye uku, Hansatu da Lantana da Murja, waɗanda gori bai taɓa hana su zuwa ba.

Wata damina amai da gudawa ya faɗa wa yaran unguwa. Aka duba aka ga duk yaron da ya kwanta yana shan kokon Gwaggo Tabawa, wata tsohuwa da mijinta ya rasu, ba ɗa ba jika. To, ina yaron da ba ya shan kokonta? Ba wanda ya tsaya ya yi wannan tambaya. Aka ce tana zuba wani abu a tukunya. Mai Unguwa Jatau ya yanke cewa ranar Juma'a, in an sauko daga masallaci, ta tattara ta bar gari.

Hansatu ita ce mai kan lissafi. Ta bi unguwa gida-gida tana tambayar mata wa ya kwanta, kuma ina suke ɗibar ruwa. Ta zo ƙofar Mai Unguwa ta zana unguwar a ƙasa da tsinke. Gidan da ciwo ya shiga ta sa baƙar tsakuwa, wanda bai shiga ba ta sa fara. Baƙaƙen nan duk suka taru kewaye da tsohuwar rijiya. Gidajen tsallaken kwari, masu shan famfo, fari fat, alhali su ma kokon suke sha.

Mai Unguwa ya ce, “Ke 'yar gidan wa ce? Rijiyar da kakanki ya sha har ya tsufa ita za ki yi wa sharri?”

Ta ce, “Ranka ya daɗe, ni ban ce komai ba. Tsakuwa ce ta faɗa.”

Ya sa ƙafa ya share zanen, ya ce tsakuwa ba ta ba da shaida.

Lantana kuwa ta riga ta lura cewa an gina sabuwar shadda a gidan Mai Unguwan kansa, a kan tudu, rijiya tana gangare. Gidan ba shiga ne ga maza, amma 'ya mace in ta yi sallama ta ce za ta kewaya, wa zai hana ta? Ta je marina ta roƙo ruwan baba mai kauri, ta cika buta, ta shiga ta juye a shaddar. Ta yi ta maimaitawa har matan gidan suka fara yi mata sannu da ciwon ciki. Da aka yi ruwan sama, mata suka jefa guga, sai ga ruwa ya fito shuɗi-shuɗi a gaban kowa. Lantana ta ɗaga butarta ta faɗi inda ta zuba. Wannan karon ba abin da ƙafa za ta share.

Aka rufe rijiya. Amma ƙishi ba ya jin hukunci. Famfo da nisa, mata suka koma ɗibar ruwan kududdufi, yara suka ci gaba da kwanciya, masu baki suka ce ai ga shi nan, da ma tsohuwar ce. Sai Murja ta ɗauko randa ta huda gindinta, ta jera tsakuwa da gawayi da yashi, ta zuba ruwan kududdufi ya ɗigo garai-garai, ta tafasa, ta sha a tsakiyar kasuwa. Don kada a ce sai mai boko zai iya, ta zana yadda ake yi a bangon makaranta, hoto bayan hoto, yadda ko ni da ban taɓa zama a aji ba na kalla na haɗa tawa. Ciwo ya ja baya. Juma'a ta zo ta wuce, Gwaggo Tabawa tana bakin tukunyarta, Mai Unguwa ya aiko a sayo masa koko, ta ce wa ɗan aiken ya koma ya ce masa ya zo da kansa.

Abu ɗaya ta mallaka mai daraja, akwatin kayan aikin mijinta, wanda gyaran injin ban ruwa ne sana'arsa. Ta rantse sai ta ba wadda ta cece ta. Kada wani ya ce mini a raba, ko a ba ƙungiya. Ta ce mutum ɗaya, kuma makullin ɗaya ne.

Ba don Hansatu ba, da ba wanda ya kalli rijiyar. Ba don Lantana ba, da an share maganar yadda aka share zanen. Ba don Murja ba, da yara suna ta kwanciya har a kori tsohuwar duk da haka.

To, ku da kuke ce musu 'yan bola, cikin ukun nan wa za a miƙa wa makullin?