'Ya'yan Malam Jatau da Kamfanin Batir

Ku gyara zama, ku ajiye wayoyin nan. Labarin da zan ba ku yau ba ni da ƙarshensa, ku za ku ƙarasa mini. Amma kada wanda ya tsoma baki sai na dire.

A wani ƙaramin gari da ake kira Gangaren Marke an yi wasu mutum uku, uwa ɗaya uba ɗaya, 'ya'yan marigayi Malam Jatau mai gyaran keke. Babbarsu Lantana, mijinta ya rasu ta dawo gidan ubansu da jikarta guda, tana kiwon agwagi tana yin ƙuli-ƙuli. Mai bi mata Shekarau, tsohon malamin firamare, shi ke karanta wa dagaci takardu. Autansu Mantau ƙaƙƙarfan mutum ne marar yawan magana, ya daɗe ba shi da tsayayyen aiki.

Gidansu ne na ƙarshe ta gabas, bayansa kuwa filin da mata ke sussuka. Wata shekara baƙi suka sayi filin, suka ce za su kafa kamfanin sarrafa tsofaffin kaya. Shekarau ne ya karanta takardunsu gaban dagaci, ya ce bai ga aibu ba, har ya ƙarfafa wa dattawa gwiwa saboda samari sun yi yawa a gindin bishiya. Aka ja katanga, aka kafa bututun hayaƙi, aka ɗauki mutum sittin, har da Mantau. Sai da manyan motoci suka fara shigowa aka gane tsofaffin kayan nan batiran mota ne. A fasa su, a zubar da ruwan ciki, a narka darmar.

Lantana ce ta fara gani. Agwaginta da ke wanka a kududdufin bayan gida suka riƙa dawowa suna tangaɗi, cikin wata biyu goma sha huɗu suka mutu. Aka ce mata annoba ce. Sai jikarta Ladidi, wadda ta fara tafiya har tana bin kaji, ta koma rarrafe, ga ciwon ciki ba dare ba rana. Lantana ta bi unguwa gida gida tana tambayar mata, ta tarar ba 'yar gidansu kaɗai ba ce. Ba ta iya rubutu ba, don haka ta wanke kwalabe tara, ta ɗebo ruwan rijiyoyi tara, ta ɗaura wa kowace kwalba ƙyallen zanen matar gidan don kada ta rikice. Ta hau mota zuwa babban birnin jiha, ofishin masu kula da muhalli. Zuwan farko aka ce mai duba ruwa ba ya nan. Zuwa na biyu aka ce sai da takarda. Zuwa na uku ba ta tambayi kowa ba, ta shimfiɗa tabarma a bakin ƙofa, ta jera kwalabenta, ta zauna tun safe har la'asar. Haka ta yi kwana huɗu, tana kwana gidan wata 'yar garinsu. Rana ta huɗu wata ma'aikaciya ta tsaya ta ce, "Baba, me kike sayarwa?" Lantana ta ce, "Ba na sayarwa ba ne, 'yata. Abin da muke sha ne, so nake a gaya mini mene ne a ciki." Aka auna, aka sami gubar darma a bakwai daga cikin tara.

Ma'aikatan muhalli suka zo garin, suka shiga kamfani. Manaja ya nuna musu wani rami da aka shafe da siminti, ya ce nan ake tara ruwan batir, ko ɗigo ba ya fita. Suka duba, ba su ga tsaga ba. Suka ce akwai guba a rijiyoyi kam, amma ba su da shaidar daga nan take zuwa. Suka shiga mota suka tafi.

Ranar Juma'ar da ta biyo, ana sallame salla, samari fiye da ɗari suka nufi kamfanin da jarkokin fetur. Shekarau ya yanke ta lungu, ya riga su isa, ya jingina bayansa da ƙofar. Ya ce, "Ni na karanta takarda, ni na ce a yarda. In ƙonawa za ku yi, ku fara da ni. Amma ku sani akwai batir dubu a cikin nan, kuma iska yamma take yi, kan gidajenmu hayaƙin zai sauka. Gobe 'yan sanda za su zo, a daina maganar rijiya a koma maganar gobara." Wani daga baya ya jefo dutse, ya same shi a baki, haƙoransa biyu suka zube. Ya tofar da jini, bai matsa ba. Ya tsaya nan har rana ta yi sanyi, har masu jarka suka fara janyewa ɗaya bayan ɗaya. Washegari, da kumburarren baki, ya rubuta takardar koke yana neman ma'aikata su dawo su haƙa ƙasa, ba su tsaya kallon siminti ba. Ya bi gari ƙofa ƙofa yana karɓar dangwalen yatsa. Wasu suka rufe masa ƙofa suna cewa shi ya jawo, ya koma musu sau biyu, sau uku, har magidanta ɗari uku da goma sha ɗaya suka dangwala. Takardar nan ce ta dawo da ma'aikatan.

Shi kuwa Mantau duk wannan lokacin bakinsa a rufe yake, alhali ya fi kowa sani. Tun ana ginin kamfanin aka zaɓi mutum uku har da shi, aka sa su haƙa dogon rami, suka binne bututu daga gindin ramin simintin, ya bi ta ƙarƙashin katanga ya ɓulla kwazazzabon da ke zuba cikin kududdufi. Biyun baƙi ne, sun tafi. Saura shi. An ɗaga shi an mai da shi shugaban masu narkawa, matarsa na da ciki, karon farko a rayuwarsa yana cefane ba tare da ya duba fuskar kowa ba. Wata takwas yana shiga gida yana ganin Ladidi na rarrafe, yana kau da kai.

Ranar da ma'aikata suka dawo, manaja ya jera leburori ya ce kada wanda ya buɗe baki, in aka rufe wurin kowa ya san abin da zai ci. Aka haƙa nan, aka haƙa can, ba a ga komai ba, don bututun ya yi zurfi kuma ba ta inda ake zato ya bi ba. Har sun fara kakkaɓe hannu. Sai Mantau ya fita daga layi, ya ɗauki diga, ya zagaya bayan ɗakin janareta. Wani abokin aikinsa ya riƙe masa riga ya ce, "Mantau, abincin mutum sittin ne fa." Ya ce, "Na sani. Sake ni." Ya yi ta sara shi kaɗai, ramin ya kai masa ƙirji, sannan diga ta bugi roba, baƙin ruwa ya tsarto. Ya ɗago kai ya ce wa shugaban ma'aikatan, "Ranka ya daɗe, ni na binne shi da hannuna." Kafin magariba an kore shi. Mutanen da suka yi aiki tare suka daina amsa masa sallama.

Aka rufe wurin narkawar, aka tilasta wa kamfanin ya mai da shi can daji, nesa da gida da gona. Aka kankare ƙasar unguwa, aka toshe rijiyoyi bakwai, aka haƙa burtsatse, aka kai yara asibiti. Filin bayan gidan Malam Jatau ya zama wurin sauke kaya kawai, mutum arba'in suka tsira da aikinsu. Amma hukuma ta gindaya sharaɗi. Gari zai zaɓi mutum ɗaya a ba shi kati, ya shiga wuraren biyu duk lokacin da ya ga dama ba tare da neman izini ba, in ya ga ɓarna ya tsai da aiki nan take. Mutum ɗaya, suna ɗaya a kan katin.

Dagaci ya tara jama'a a ƙofar gidansa. Kowa ya san cikin 'ya'yan Malam Jatau za a zaɓa, an kuma zaci biyu za su bar wa ɗaya. Ba wanda ya bari.

Lantana ta yi magana daga bayan taro, inda mata suke. Ta ce, "Ranka ya daɗe, an bar wa masu karatu, an bar wa masu ƙarfi, mun ga inda aka kwana. Ni ba za a ba ni muƙami in yi shiru ba."

Shekarau ya ce, "Yaya ta yi gaskiya. Amma cutar nan ta takarda ta shigo, ta takarda za ta sake shigowa. Na ruɗu sau ɗaya, yanzu na san inda ake ɓoye magana."

Mantau ya ce, "Ku duka biyu in kun shiga, abin da aka nuna muku za ku gani."

Nan taro ya rabu uku. Masu goyon Lantana suka ce ba don ita ba da har yau ana cewa annoba ce, aka amsa musu cewa ba ta karatu, kuma so take a rufe kamfanin gaba ɗaya, mutum arba'in su koma gindin bishiya. Masu goyon Shekarau suka ce ba don shi ba da gari ya ƙone kansa, da ma'aikata ba su dawo ba, aka ce ai shi ya buɗe ƙofa tun farko. Masu goyon Mantau suka ce ba don shi ba da an haƙa an rufe an tafi, kuma cikin su ukun shi kaɗai ya rasa abincinsa, aka ce mutumin da ya iya yin shiru wata takwas, jikar yayarsa na rarrafe a gabansa, wa ya san ba zai sake ba?

Dagaci ya riƙe katin nan a hannu, wurin suna babu komai, har aka kira la'asar bai rubuta sunan kowa ba.

To, ga katin na miƙo muku. Ku da kuke zaune nan, in rijiyar gidanku ce, sunan wa za ku rubuta a kai?