Goben Tsohuwar Kirya

Ku matso kusa da wutar nan, ku bar ture-ture. Ga ta nan, ga ta nanku!

Ta zo mu ji ta, ta wuce mu raka ta!

An yi wata tsohuwa ana ce mata Gwamma. Gidanta na bakin wani kurmi da ake kira Kurmin Dattawa, don itatuwan cikinsa sun girmi kakan kakan kowa. Tun zamanin da can aka hana shiga kurmin nan da ƙarfe ko wuta. Abin da ya faɗo ƙasa naka ne, abin da ke sama na mai shi ne. Daga gindin itatuwan nan idon ruwan da garuruwa bakwai ke sha yake ɓuɓɓugowa, an kuwa ce ran da aka kayar da ɗaya, ruwan zai yi fushi ya koma ƙasa. Gwamma ce ke tsaron kurmin, gado ta yi wajen ubanta. Ba mai ratsa shi sai tana gaba, in ba haka ba hanya ta ɓace masa. Ga ta kuma ungozoma.

Tana da 'yar auta, Yalwa, da ke aure a ƙetaren kurmi, gidan wani masassaƙi mai suna Korau. Korau ya daɗe yana jin labarin wata tsohuwar kirya da ke tsakiyar kurmin. Aka ce turmi arba'in za su fita daga jikinta, har a sami ragowar taɓare. Tun da ya ji haka hankalinsa bai sake kwanciya ba.

Ran nan da hantsi, sai ga Korau afujajan. Tun daga nesa ya tuɓe takalma, ya durƙusa har ƙasa, kai a sunkuye.

Ya ce, "Inna, ina kwana. Na baro mutuniyar babu daɗi, naƙuda ta tsaya mata. Kwana biyu na yi ina zagayowa ta bayan kurmi."

Gwamma ta miƙe zumbur. Ta suri ƙullin magungunanta da sandarta, ta ce, "Ta ciki za mu bi, rabin yini mun isa."

To, a al'ada, kowa zai shiga sai ta zazzage jakarsa. Amma wa ke lalube rigar suruki? Ko sunansa ba ta faɗa, balle ta ɗaga ido ta dube shi. Ashe ya ɗaure gizago a cinya, ya rufe da wando.

Suka shiga. Rana ta ɓace, sanyi ya sauko musu kamar an buɗe randa. Ƙafa na nutsewa cikin ganyen da ya shekara ɗari yana zuba. Ga saiwoyi kwance a hanya, kowace kamar cinyar giwa, kurciyoyi na ta kuka can sama inda ido ba ya kaiwa. Gwamma ba ta ga ko ɗaya ba, hankalinta na kan Yalwa.

Suka iso gindin wata tsamiya. Korau ya ce, "Inna, ƙaya ta soke ni. Ki ɗan yi gaba, ina jin kunya in ɗaga ƙafa a gabanki."

Ta yi gaba ta tsaya. Shiru, shiru. Can sai Tsamiya ta yi gyaran murya. Kun san maganar tsofaffin itatuwa, kafin su kai ƙarshen gaisuwa an dafa wake.

"Gwamma, ina gajiya? Ina gida? Yaya ƙafar nan taki da ta yi ciwo bara waccan?"

"Lafiya, lafiya, Tsamiya. Sauri nake."

"To, madalla. Da ma cewa zan yi surukinki ya rungume ni. Yana auna ni da hannu, yana lissafi."

Gwamma ta ciji leɓe ta ce, "Ki yi haƙuri. Bakin suruka da nauyi."

Ta dawo da baya, ta ga wani ƙadangare bisa saiwa, ta nuna shi da sanda ta ce da ƙarfi, "Kai ƙadangare! Wanda matarsa ke kan gwiwa ba ya tsayawa awon itace!"

Korau ya fito yana gyara riga ya ce, "Gaskiyarki, Inna. Ƙadangarun zamani ba su da hankali ko kaɗan."

Ta haɗiye abin da ya taso mata, suka ci gaba.

Suka tsallake wani ɗan rafi, suka iso gindin wani maɗaci. Korau ya ce, "Inna, zan ɗan kewaya. Ki yi nisa don Allah, kada kunya ta kashe ni."

Ta yi nisa ta tsaya, tana buga sanda a ƙasa. Sai ta ji ƙwas, ƙwas, ƙwas. Maɗaci ya ja numfashi.

"Gwamma, ina gajiya? Ina gida? Yaya marigayi ubanki? Af, na manta."

"Maɗaci, faɗi abin da za ka faɗa, rana na yi!"

"To, da ma surukinki ne ke ƙwanƙwasa ni, yana kasa kunne ya ji ko cikina da rami."

Ta ce, "Ka yi haƙuri. Bakin suruka da nauyi."

Ta dawo, ta hangi wani biri a kan reshe, ta daka masa tsawa. "Kai biri! In ba ka jin tsoron Allah, ka ji tausayin wadda ka baro tana murƙususu!"

Biri ya dube ta ya ce, "Ni kuma? Matata na nan kusa da ni tana cin kanya. Baiwar Allah, in kina da magana, ki kai wa mai ita."

Korau ya fito ya ce, "Kin ji ko, Inna? Har mayar miki da magana yake. Birai ba su san girman manya ba."

Gwamma ta ji kamar ta sheme shi da sanda. Amma ta tuna mijin 'yarta ne, ta yi ƙwafa ta wuce.

Rana ta take tsaka suka iso tsakiyar kurmi. Ga tsohuwar Kirya nan, mutum goma ba sa zagaye ta da hannu, idon ruwa na tsattsafowa daga ƙarƙashinta. Korau ya tsaya baki buɗe, har miyau.

Ya ce, "Inna, ƙishirwa. Kin san ba na iya shan ruwa a gabanki."

Ta ce a ranta, yau na ga ta kaina, kunyar nan ba ta tashi sai a gindin itace. Ta yi taku ashirin ke nan sai ta ji kaf! Kurmi ya ɗauka gaba ɗaya. Tsuntsaye suka watse, idon ruwa ya tsaya cak. Ta juyo da gudu, tsufa bai hana ta ba.

Ta tarar da gizago ya nutse a jikin Kirya, Kirya kuwa ta haɗe bakin saran ta riƙe shi gam. Hannuwan Korau biyu sun manne da ƙotar. Ya ja, ya ja, ya tokare da ƙafa ya ja, ko motsi.

Nan fa nauyin baki ya tafi. Gwamma ta jefar da sanda ta riƙe ƙugu.

"Korau! I, na faɗi sunan, Korau! Kai wane irin mutum ne? Ƙaya, kewayawa, ƙishirwa! Tun safe nake zagin ƙadangare da biri, bayin Allah ba su ci ba, ba su sha ba! Ruwan garuruwa bakwai za ka kashe don turmi? Matarka na can tsakanin rai da mutuwa!"

Korau ya sunkuyar da kai ya ce, "Inna, maganar naƙudar nan fa, babu ita. Na baro ta tana daka. Na san ba ki shigo da ni sai da dalili."

Ana cikin haka sai ga hasbiya ta sauka bisa reshe tana haki.

Ta ce, "Gwamma, Gwamma! Daga gidan Yalwa nake. Tun asuba take kan gwiwa, ba kowa wurinta sai makauniyar maƙwabciya. Sunanki take ta kira."

Korau ya fashe da kuka. "Inna, ki cece ni! Wallahi na tuba!"

Gwamma ta dubi hanya, ta dubi Korau. Don ta ita, da ya bushe a nan. Amma wa zai raɗa wa jariri suna? Ta durƙusa gaban Kirya ta ce, "Kaka, na san ya yi laifi. Ba don halinsa ba, don abin da za a haifa."

Kirya ta yi ta gyaran murya har Gwamma ta fara tafasa. Can ta ce, "Gwamma, ina gajiya?"

"Kaka, don Allah a bar gaisuwar nan!"

"To. Saboda ke, ruwa zai ci gaba da gudu. Shi kuma gobe zan sake shi."

Gwamma ta yi godiya, ta kwashi ƙullinta ta zura da gudu. Ta isa kafin la'asar, ta tarar Yalwa ta galabaita. Ta jiƙa magani ta ba ta, ta yi abin da ta sani, Allah ya sauke ta lafiya. Namiji, ƙato.

Gari na wayewa ta koma kurmi ta ce, "Kaka, ga gobe ta yi."

Kirya ta ce, "Wace goben? Yanzu fa kika bar nan. Mu a wurinmu gari ba ya wayewa sai tsohon ganye ya zube, sabo ya fito, ya yi duhu."

Gwamma ta ɗora hannu a ka. "Shekara ke nan fa, Kaka!"

"Haka kuke ce mata? To, ba laifi."

Ta roƙa, ta yi magiya, ta yi faɗa. Kirya ta koma barcinta. Korau kuwa ya ce da ƙaramar murya, "Inna, tun jiya ban ci komai ba."

To, wa zai kai masa abinci, alhali ba mai ratsa kurmi sai ita? Haka Gwamma ta koma jigila. Da safe ta yi wa mai jego ruwan wanka, ta dama kunun kanwa, sannan ta ɗauki akushi ta kama hanya. Ga hannuwansa a manne, dole ita ke ba shi a baki. Tana tura masa loma tana faɗa, yana haɗiya yana "Gaskiyarki, Inna." Aka yi suna babu shi, ƙaninsa ya yanka rago. Damina ta zo, ta saƙa masa ɗan zana ta kafa bisa kansa, tana yi tana tsaki. Biri kuwa kullum sai ya leƙo ya ce, "Sannu da ɗawainiya, uwar masu kunya."

Ganye ya zube, sabo ya fito, ya yi duhu. Ran nan Kirya ta yi miƙa, ta buɗe bakin saran, Korau ya faɗi rigingine. Gizagon kuwa ta haɗiye abinta, har yau yana cikinta.

Gwamma ta sa shi gaba har gida, gemu ya cika masa fuska, hannuwa a ƙage kamar mai riƙe da ƙota. Suna shiga suka tarar yaron na tsaye yana dafe da bango. Korau ya durƙusa ya miƙa hannu ya ce, "Zo, zo wurin Baba." Yaro ya dube shi sau ɗaya, ya ƙwalla ƙara, ya rarrafa da sauri ya ɓuya bayan zanen kakarsa.

Gwamma ta ɗauki jikanta ta saɓa a kafaɗa, ta ce, "Yi haƙuri, maigidana, baƙo ne. Ni ma sai da na shekara ina ba shi tuwo kafin na san ko wane ne."

Kun ji, yara. Wanda ya mai da kunya rigar sata, a jikinsa za ta yage. Wanda kuma ya ga ɓarna ya tsaya yi wa ƙadangare habaici, ya shirya kansa, shi zai ɗauki akushin.

Ƙurunƙus kan kurege! Wuta ta cinye itacenta, ni ma na cinye tawa, kowa ya kakkaɓe zanensa.