Yadda Ilyasu Ya Share Muryar Innarsa

A Gidan Sori an yi wani saurayi mai suna Ilyasu, ɗalibin malanta. Yaro ne mai ladabi, sai dai yana da aibi guda: gani yake in dai maganar salula ce, ba mai koya masa komai. Shi ke sa wa tsofaffi kati, shi ke kira wa mata 'ya'yansu da ke cirani. Tun ana yabon sa har ya ɗauka ya gama sani.

Cikin salularsa akwai abin da ya fi salular daraja. Ilyasu ɗan fari ne, don haka innarsa Barira ba ta taɓa kiran sunansa ba, "wannan yaro" take cewa. Da ya tafi karatu, takan ari wayar maƙwabciyarsu Basira ta aiko masa saƙon murya. Sai ta yi sallama, ta dakata kamar tana jiran ya amsa, sannan ta shiga labarin gero da awaki. A ciwonta na ajali ta aiko wani gajere, muryar ta yi sanyi kamar ruwan randa, ta ce, "Ilyasu, Allah shi yi maka albarka." Sau ɗaya ke nan duk rayuwarsa. Damina ba ta fita ba ta rasu. Kullum in ya idar da sallar asuba sai ya kunna, ya ce amin.

Bayan kaka aka tara ɗaliban malanta a Gidan Rumji don a koya masu tsaron waya, su ma su koya wa yara. Madam Rufaida ce ke koyarwa. Ta ce lambobin da ke shigowa ta saƙo makullin gida ne, ba a miƙa wa kowa, ko da ya ce daga buro yake, wato ofishin hukuma. Ta ce abin da mutum ke ji da shi ya ajiye shi wuri biyu. Ta ce kuma wanda aka cuta ya zo ya faɗa kafin ya taɓa komai. Ilyasu yana bencin baya, ya raɗa wa abokinsa Nomau cewa wannan karatun 'yan ƙauye ne. Nomau ya ce to ai shi ma bai ga kwalta a ƙofar gidan su Ilyasu ba.

Ranar kasuwa, yana shan fura, wata baƙuwar lamba ta kira shi. Mai maganar ya ce, "Mushe Ilyasu ne?" Ba a taɓa ce masa mushe, laƙabin malaman makaranta, ba, sai ya ji kansa ya yi girma. Mutumin ya ce daga buro ne, ana haɗa gurup ɗin sababbin malaman da za a raba wa lakol, wato makarantu, don haka Ilyasu ya karanto lambobin da suka shigo masa yanzu. Ilyasu ya karanto su a tsanake, har da maimaitawa.

Kafin la'asar Wasaf ɗinsa ya fita hannunsa. Aka riƙa tura hotunan batsa da sunansa, gurup ɗin ɗalibai, da na dangi, inda kawunsa liman yake. Kawun ya kira, bai yi faɗa ba, ya ce kawai gara da Barira ba ta ga wannan rana ba.

Nomau ya kama hannunsa ya ce su tafi wurin Madam. Ilyasu ya fizge. Da wane ido zai kalle ta? Ya bi bayan tasha wurin mai gyaran waya, ya ce a yi mata fomate, a wanke ta tas ko ɓarayin sa fita. Mai gyara ya tambaya ko akwai abin da za a kwashe. Kunya ta toshe masa kunne, ya ce a dai wanke.

Sai da asuba, da ya laluba inda ya saba kunna muryar innarsa, ya tarar da fili.

Da ƙafarsa ya je wurin Madam Rufaida, kai a sunkuye. Ta saurare shi, ta karɓi salular, ta nemi sababbin lambobi da layinsa, nan take Wasaf ɗin ya dawo. Ta yi wa ajin bayani cewa ba shi ya tura hotunan ba. Sannan ya tambaye ta muryar.

Ta ce masa, "Ƙanena, ɓarayi suna suka ɗauka. Muryar tana nan cikin wayarka har lokacin da ka sa aka wanke."

Ya hau kabu-kabu zuwa Gidan Sori, ko tana nan a wayar Basira. Basira ta ce wayar ta cika tun da kaka, jikanta ya share tsofaffin saƙonni. Ya shiga gida. Ɗakin innarsa an zuba wake a ciki. Ya zauna bakin ƙofa yana nanata kalmomin a ransa. Kalmomin suna nan, amma da muryarsa suke fitowa.

Ya kai mai karatu, musamman kai da za ka tsaya gaban yara gobe: kada ka miƙa lambobin sirrinka ga kowa, komai daɗin sunan da ya kira ka da shi. Abin da ba ka da madadinsa, ajiye shi wuri biyu tun yau. In kuma aka cuce ka, ka faɗa da wuri. Ɓarawo ya ɗauki abin da ake iya maidowa. Wanda ba ya dawowa, girman kai da kunyar tambaya ne suka ɗauke shi.