Tarin Motar Kawu Ilu

A Yakasai an yi wani dattijo, Kawu Ilu, mai tsohuwar a-kori-kura. Da ita yake dakon buhunan gero, da ita yake ci da iyali. Mutumin kirki ne, sai dai tun da aka yaye shi ba a taɓa jin ya ce "ban sani ba".

A shekarun nan na bama-bamai, lokacin da kowace kwana sai ka tarar da shingen sojoji, motar ta kama tari. Tana cikin tafiya sai ta sarƙe, ta yi rawa, salansar hayaƙinta ta saki ƙara, tau! Matarsa Luba ta yi magana har ta gaji, ta haɗa shi da Allah ya kai wa Mamman bakanike a Ƙofar Nassarawa.

Mamman ya kasa kunne ya ce, "Kawu, fulogi ɗaya ne ba ya samun wuta. Bar min ita zuwa la'asar, in zare wayoyin ɗaya bayan ɗaya, in ji wacce ce."

"La'asar? Ina tuƙi kana goye! Man 'yan bumburutu ne, ruwa suke zubawa."

"Kawu, gari ba lafiya. Wannan ƙarar..."

Kawu ya ja abarsa. Ya juye tanki, tari na nan. Ya wanke kafireta sau uku, yana hurawa da baki, har gemunsa ya yi mako yana warin fetur. Tari na nan. Ƙarshe ya ce bakin mutane ne, ya rataya mata laya a madubi.

Wata Talata da rana tsaka ya shiga layin shinge wajen Shahuci. Kowa a gajiye, kowa a tsorace. Da aka zo kansa ya taka totur. Tau! Tau!

An ce har akuyoyin unguwa sai da suka kwanta rub da ciki. Sojoji suka zaci harbi ne, kafin Kawu ya ɗaga hannu sun buɗe wa gaban motar wuta. Da yake da sauran kwana, ya fito ta taga, ba hula, ba takalmi. Inji kuwa ya zama rariya.

Washegari aka janyo ta gareji. Mamman ya leƙa, ya zaro wata waya da ta daɗe da tsagewa.

"Ga mai tarin, Kawu. Sai dai yanzu babu injin da za a sa wa sabuwa."

Yau da baro Kawu yake dako, da furfurarsa.

Darasin kuwa shi ne: idan abu ya fi ƙarfin saninka, ka ba mai sana'ar wuni guda ka yi shiru. Girman shekaru ba ya gyara inji, kuma a lokacin fitina ƙaramin sakaci ma yakan raba mutum da abincinsa.