Taraktar Baba Ishaku

Nelson bakanike ne a Gonin Gora. Kowa ya shaida hannunsa na da kyau, sai dai ba shi da haƙuri. Aikin kwana uku, shi a wuni ɗaya yake so ya gama.

Mahaifinsa, Baba Ishaku, yana da wata tsohuwar tarakta ja da ya yi shekara talatin yana noma da ita. Da ita ya ciyar da 'ya'yansa har suka girma. Ta daɗe a ajiye, domin cikin silindar injinta ya cinye, fistan sai lilo yake yi. Da ciwo ya kwantar da Baba, sai ya ce, "Nelson, ka tayar mini da ita. Ina so in ga ta sake shiga gona da idona."

Nelson ya sauke injin ya kai wa Malam Zakariyya'u a Makera, dattijon da ya ƙware a gyaran silinda. Malam ya zura yatsa ya shafa, ya auna, ya ce, "Ɗana, ba ni mako guda. Da dutse ake goge ta a hankali, ana yi ana aunawa, sannan a wanke ta tas."

"Haba Malam, mako guda? Ai wannan aikin yamma ɗaya ne."

Ya kwashe kayansa ya dawo gida. Ya naɗa samfefa a bakin injin huda ƙarfe ya dirje silindar da ƙarfi. Bai auna ba, bai wanke ɓurɓushin ƙarfen sosai ba, ya haɗa injin ya ɗaure.

Washegari aka fito da Baba a kan kujera. Tarakta ta tashi, tsohon ya yi murmushi. Ba ta kai bakin gona ba hayaƙi ya turnuƙe, injin ya yi wata ƙara ya cije. Da Malam ya zo ya duba, ya girgiza kai ya ce, "Ka ci ƙarfen ya yi siriri, ya tsage. Kuma irin wannan injin an daina kawo shi."

Baba bai yi faɗa ba. "Ku mai da ni ɗaki," kawai ya ce. Ya ƙara wata biyu a duniya, bai sake ambaton taraktar ba. Wannan shirun ya fi yi wa Nelson ciwo fiye da kowane zagi.

Mai karatu, iya aiki ba ya wadatarwa idan babu haƙuri. Idan wanda ya fi ka sani ya ce ka jira, to ka jira. Akwai ɓarnar da gaggawa ke yi a yamma ɗaya, wadda nadamar shekaru ba za ta gyara ba.