Farantin Ummu Tamir

Akwai wata mata a layinmu nan Iskandariya, sunanta Nawal, amma kowa Ummu Tamir yake ce mata. Mace ce mai son sanin komai. Idan ta zauna a baranda tana tsinkar lalo, ba wanda zai wuce ba ta gano abin da ke cikin ledarsa ba. Mijinta Abu Tamir, tsohon direban jirgin ƙasa, yakan ce da hukuma ta san da ita, da ta sallami 'yan sandan ciki ta huta.

A saman ɗakinsu akwai ɗalibai mata da ke haya. Da korona ta zo aka rufe jami'a, sauran suka tattara suka tafi gida, aka bar ɗaya. Sunanta Basant, 'yar wani ƙauye can kudu, tana karatun haɗa magunguna. Karatu ya koma ta waya, a ƙauyensu kuwa sai an hau rufin ɗaki ake samun sabis, shi ya sa ta zauna.

Da dokar kulle ta kankama, Ummu Tamir ta ɗauki sandar shara ta bubbuga rufin ɗakinta, sannan ta leƙa ta baranda.

"Ke 'yar sama! Zuro kwandonki."

Basant ta zuro kwandon nan mai igiya da kowannenmu ke sayen burodi da shi ba sai ya sauko ba. Ummu Tamir ta sa mata farantin kabeji naɗe da shinkafa, ta ce, "Ja a hankali, farantin aurena ne."

Kun dai san a wurinmu farantin maƙwabci ba ya komawa gida wayam. Washegari ya sauko da dabino. Wani zuwan ya sauko da cukun ƙauye mai gishiri, wanda Abu Tamir ya cinye shi kaɗai. Haka suka yi ta yi, ba wanda ya taka ƙofar wani.

A hankali abin da ke dawowa ya fara ƙanƙancewa. Biskit biyu. Lemon tsami rabi. Rannan sai faranti ya sauko a wanke tas, babu komai a kai, kuma ba a leƙo ba.

Ummu Tamir ta juya shi, ta duba ƙasan kwando. Ranta ya ɓaci.

"Ka gani ko? Ni za a mayar wa faranti wayam kamar mai sayar da abinci?"

Abu Tamir ya yi dariya. "Likita ce fa. Ke kuma aji nawa kika yi? Ta gaji da kabejinki ne, ni ma don ba ni da wajen gudu."

Ta daina bubbuga rufi. Ta ce ita da yarinyar sai gaisuwa.

Amma mai son sani ba ta iya fushi da kunnenta. Da can Basant kan yi ta zagaye ɗaki tana haddar karatu da ƙarfi, har Abu Tamir ya iya sunayen wasu magunguna. Yanzu shiru. Ba jan kujera, ba ƙarar cokali.

Ta ɗaga kai ta dubi barandar sama. Mayafi ruwan ɗorawa na nan kan igiyar shanya inda ta daɗe tana ganinsa, iskar teku ta nannaɗe shi, rana ta cinye launinsa. Na'ana'ar da ke cikin gwangwani ta bushe.

Da mai burodi ya zo, ta tambaye shi yaushe rabon ta sama da saye.

"Wallahi Hajiya, na ɗauka ta yi tafiya."

Ba ta yi tafiya ba. Jefi-jefi ana jin famfo ya buɗe ya rufe. To mutum yana nan, ba ya sayen burodi, ba ya kwashe shanya, ba ya tafiya a ɗakinsa. Me yake ci? Me yake yi?

Ta ɗaura takunkumi, ta ɗauki farantin nan yadda yake.

"Ina zuwa kuma?" in ji Abu Tamir.

"Karɓo haƙƙina."

Ta hau bene tana haki, ta ƙwanƙwasa. Shiru. Ta sake. Can ta ji murya ƙasa-ƙasa daga bayan ƙofa.

"Tanti, lafiya nake."

"Ban tambaye ki ba. Faranti na kawo a cika min. A garinku haka ake yi?"

Sai ta ji kuka. Ba mai ƙarfi ba, irin na wanda ya gaji har da kukan.

Ummu Tamir ta zauna kan matakala, ta jingina da ƙofar. Faɗan da ta zo da shi ya watse.

"Abinci ne ya ƙare miki, 'yata?"

"Akwai. Tanti, na tsaya da farantin a hannu, na duba duk ɗakin, na ji babu abin da zai fito daga wurina ya yi wa wani amfani. Sai na wanke na zura."

"Ciwo yake miki? A ina?"

"Ba ciwo ba ne. Kamar an lulluɓe ni da jiƙaƙƙen bargo. In waya ta yi ƙara, ƙirjina ya hau bugawa kamar zan mutu. Na daina buɗe karatu. Babana in ya kira, 'Likita' yake ce min, duk ƙauye haka suke kirana. Sai in ce masa komai lafiya."

"To abin nan yana da suna?"

Basant ta ce, "Yana da shi. Ciwon damuwa. Mun karanta shi, har maganinsa na haddace."

"Ikon Allah. Kin san sunansa, kin san maganinsa, kika zauna da shi ke kaɗai?"

"Kunya nake ji. Mutane na mutuwa a asibiti, ni kuma ina kwance ba zazzaɓi ba tari."

Ummu Tamir ba ta yi mata wa'azi ba. Ta ce ba za ta tashi daga matakalar ba sai yarinyar ta kira likita. Jami'a ta taɓa turo wa ɗalibai wata lamba, Basant ta lalubo ta. Ummu Tamir na zaune ƙafarta ta yi tsami, tana jin yarinyar na yi wa likita bayani, har aka gama.

Kafin ta sauka ta ce, "Ga doka. Kullum faranti zai hau, kuma ba zai sauko wayam ba. Ko ganyen na'ana'a ɗaya ne."

"Ta bushe, Tanti."

"To ba ta ruwa."

Da ta ba mijinta labari, ya taɓe baki. "Yaran zamani. Ta riƙe salla mana."

"Kai da kake haɗiyar maganin hawan jini kowace safiya, salla ka daina?"



Sauƙin bai zo da gudu ba. Wata rana Ummu Tamir sai ta bubbuga rufi har hannunta ya gaji kafin kwando ya sauko. Ba ta fasa ba. Faranti ya dawo da busasshen ganye, ya dawo da ƙullin shayi. Rannan mayafi ya ɓace daga igiya. Rannan aka ji Basant a waya da mahaifiyarta, suna kuka suna dariya. Sai ga biskit da ta gasa da kanta, ya ƙone ƙurmus.

Abu Tamir ya ciza, ya yamutsa fuska. "In haka take haɗa magani, Allah Ya tsare mu da ciwo." Amma ya cinye.

Ana cikin haka zazzaɓi ya kwantar da shi, aka gwada aka ce korona ce. Labari ya zaga layin. Maƙwabta suka rufe tagoginsu, mai burodi ya koma wucewa ta ɗaya gefen. Ɗansu Tamir yana Kuwait, babu jirgi. Ummu Tamir da ta san labarin kowa ta zauna bakin gado tana sauraren numfashin mijinta, ba wanda ya tambayi nata. Ko tukunya ta kasa ɗorawa.

Sai ta ji ana buga rufi da dunduniya daga sama.

Ta fita baranda. Kwando na lilo a gabanta, da kwanon miyar wake mai zafi, da burodi, da magungunan da likita ya rubuta wa Abu Tamir. Basant ce ta jiyo sunayensu daga sama, ta je ta sayo.

"Tanti, fari bayan abinci, ɗayan kafin barci. In numfashinsa ya canza ki buga min, ina jin ki."

Ummu Tamir ta juye miyar, ta tsaya da kwanon a hannu tana duba ɗakinta. Idonta ya cika.

"'Yata, yau ba ni da abin sa miki."

Basant ta leƙo, gashinta a tsefe, tana murmushi.

"Ko ganye ɗaya ne, Tanti. Doka ce. Ba ni na kafa ta ba."

Ummu Tamir ta lalubo wani ganyen lalo da ya yi yaushi, ta sa a kwanon. Kwando ya hau.

Abu Tamir ya warke. Har yau in Basant ta wuce yana ce mata "mai ƙona biskit", ita kuma ta tambaye shi ko ya sha maganinsa.

Darasi: Idan wanda ya saba kyautata maka ya yi shiru, kada ka yi saurin cewa girman kai ne. Wataƙila wani nauyi ne ya danne shi, wanda ido ba ya gani. Je ka tambaya, ka zauna ka saurara, ka taimaka masa ya ga likita, domin ciwon damuwa ciwo ne, ba rashin imani ba. Ku tura wa 'yan uwa, musamman masu ɗa ko ƙanwa da ke karatu nesa da gida.